Ranar da Umma Za Ta Sa Hannu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan da ya matsa maka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan sai godiya. Maigidana ya koma bakin aiki, ƙafar ta warke sai ɗan ɗingishi, wanda yara ke kwaikwayo da zarar ya juya baya. Umma tana ci tana barci, jiki dai ba laifi. Sauran bayaninta shi ya sa na ɗauki alƙalami, don na so in faɗa maka ta waya, sai na ɓuge da zancen takardu.

Ka tambaye ni abin da ya hana cinikin gidanmu ƙarewa, tunda an daidaita da mai saye tun tuni. Ni ma da haka na ɗauka, sai lauyarmu, wata mata mai sanyin magana, ta zaunar da ni ta ce daidaita farashi baki ne kawai, gida ba ya barin hannu sai da takarda. Lauyan mai saye ya je ofishin filaye ya bincika ko an taɓa jinginar da gidan, ko akwai wata shari'a a kansa, bai sami komai ba. Mai awo ya zo ya ja igiyarsa daga katanga zuwa katanga, iyaka ta fito daidai. Takardar mallaka kuwa ka san sunan Baba da na Umma ne a kai. Tunda Baba ya rasu, sai da kotu ta ba mu shaidar cewa mu ne magada kafin a taɓa kasonsa, kuma ta fito.

Batun sa hannunka, hoton da ka ce za ka turo ta waya ba zai yi ba. Lauyar ta ce ka je gaban jami'in da ke buga hatimi a can inda kake, ka yi mini takardar wakilci, ka aiko ainihinta. Ta kuma sa mun rubuta abin da zai bi gidan da abin da za mu ɗauka, don kada a yi rigima daga baya. Fankoki da tankin ruwa da kabad ɗin kicin na bar musu. Madubin ɗakin Umma na ce namu ne. Makulli kuwa ba za a miƙa ba sai kowa ya sa hannu, biya ya kammala.

To Yaya, a makon jiya muka kai Umma ofishin lauyar, ni da Kawu ƙaninta. Da safe ta tashi garau, ita ta zaɓi mayafinta, har ta yi mini faɗa wai ɗankwalina ya karkace. Na ji daɗi, na ce yau mun dace da rana mai kyau. Mai sayen yana can shi da matarsa. Ma'aikacin asibiti ne, yaro mai ladabi, matar da tsohon ciki, ga wa'adin gidan hayarsu ya kusa cika. Suka durƙusa suka gaishe ta, ta sa musu albarka.

Lauyar ta jawo kujerarta kusa da Umma, ta ce kafin ta ba ta biro dole ta tambaye ta ko ta san abin da takardar nan ta ƙunsa. Umma ta yi dariya, ta ce ya za a yi ba ta sani ba, ai takardar gidan da za su saya ce. Ta ce maigidanta ya tsaya wurin aiki ne, yanzu zai iso, shi kullum sai ya sa mutane jira. Ta juya wajen matar mai sayen, a zatonta ita ce mai gidan, ta riƙe hannunta ta ce kada ta damu, za su riƙe mata gidan da amana, ba za su sare ko reshe ɗaya ba. Matar ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan cikinta.

Lauyar ta sake tambaya a hankali, ta wata hanyar, amsar ba ta canja ba. Sai ta mayar da biron cikin aljihun tebur. Kawu ya matsa kusa ya ce mata ƙasa-ƙasa ai duk mun yarda, a kama yatsan Umma a dangwala kawai a wuce wurin, dama don a kula da ita ne ake sayarwa. Ta ce ta san niyyarmu mai kyau ce, amma sa hannun wanda bai san abin da yake sa wa hannu ba ba shi da ƙarfi, gobe ana iya rushe cinikin, a bar waɗannan bayin Allah a titi da jariri. Ta ƙara da cewa ko ba don haka ba, gidan na baiwar Allahn nan ne, ba za ta karɓe shi daga hannunta tana murmushi tana zaton ba ta ake yi ba. Kawu ya fita waje ya daɗe.

Yanzu hanyar da ta rage ita ce likita ya duba Umma ya rubuta bayani, mu kai kotu, alƙali ya naɗa wanda zai tsaya mata a kan dukiyarta. Zai ɗauki lokaci, kuma za a nemi yardarka a rubuce. Mai sayen ya ce zai roƙi mai gidan hayarsu ya ƙara musu wa'adi, in bai samu ba mu yafe masa. Na ce babu abin yafewa.

Da muka fito, Umma ta ce tunda mun zo har nan, a kai ta ta ga gidan. Muka hau mota muka koma gidanmu, wanda ake sayarwar. Na buɗe ƙofa, ta cire takalmi a bakin zaure kamar baƙuwa, ta yi sallama. Ta bi ɗaki ɗaki tana shafa bango, ta leƙa kicin ta ce ya yi ƙanƙanta amma za a lallaɓa. Da ta zo ɗakinka ta tsaya ta buɗe taga, ta ce wannan na yaronta ne, yana son haske saboda karatu, a gaya wa maigidan sun saya. Na ce to Umma, zan gaya masa.

Yaya, takardar wakilci za ta iya zuwa ta gidan waya, amma ina roƙonka kai ka kawo ta da hannunka. Ni Umma ta fara kirana da sunan ƙanwarta. Kai har yanzu tana sane da kai.

Kawu yana gaishe ka, haka Gwaggo da maigidana da yara duka. Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa kan 'yar autarku. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Umma sauƙi, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta