Makarar 'Yan Sikawut

Challawa, ranar Talata

Zuwa ga Lawal, masaƙa, Bompai. (Ni Isyaku mai gadin majema na sa sunan da hannuna. Iya Uwani ta ce ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ba kuma a takarda za ta fara ba.)

Salamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya damina? Mu nan sai godiya.

Kai wannan, me na yi maka? Yaron nan tun ranar yaye ka ba ni shi. Kai ka sa masa sunan babanku ka ɗaure min baki, sai dai in ce Maigida. Bai taɓa kwana wani wuri ban ji numfashinsa ba. Shekaranjiya sai ga motar kamfaninku da wani dogo mai usur a wuya, babba da shi har da gemu amma gwiwa a waje, wai ya zo ɗaukar Maigida zuwa sansanin hutu a Bagauda, wai kai ka yarda. Maigida kuwa ko a jikinsa. Na ce, "Haka za ka tafi ka bar ni ba cefane?" Ya ce, "Uwargida, ki yi haƙuri, in na samo yarinya a can kin huta da girki." Ya haye mota yana dariya.

Ni ba dariya nake ba. An ce a bakin ruwa suke, a ɗakin ƙyalle, ana wannan ruwan sama. Ga macizai, ga mutanen ɓoye. Wa zai tofa masa addu'a? Ka san ƙannenka, daga mai rarrafe har Mamman da ya isa aure, ina tsaye a tsakar gida aka fita da gawarsu ɗaya bayan ɗaya. Kai kaɗai aka bar min, sai shi. Isyaku, rubuta da kyau, ka ce ba na barci.

A dawo min da yarona. Ka gaida matarka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.

*

Hotoro, Agusta 1982

Zuwa ga Iya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da ladabi, tare da fatan Allah ya ƙara muku lafiya. Takardarku ta same ni a bakin ƙofar masaƙa.

Iya, don Allah ku kwantar da hankalinku. Ba daji aka kai Haruna aka zubar ba. Kamfani ne ya haɗa kai da 'yan sikawut don 'ya'yan ma'aikata su amfana da dogon hutu, kuma da ƙyar na samar masa gurbi. Akwai limami, akwai malamin asibiti. Da asuba su yi jam'i, su ɗaga tuta, su yi fareti. Su ke girka abincinsu. Ana koya musu kafa tanti, ɗaurin igiya, dashen itace da taimakon wanda ya ji rauni. Ba mai zuwa bakin ruwa sai da babba.

Al'adarsu ita ce, ranar ƙarshe a hura wuta a zagaye ta, duk yaron da ya zauna har ƙarshe ya yi alkawari a gaban 'yan'uwansa, a ɗaura masa ƙyalle a wuya. Wanda ya tafi kafin ranar ba ya samu. Haruna ya shekara yana yi min zancen ƙyallen nan.

Asabar mai zuwa ranar ziyara ce. Motar kamfani za ta tsaya a mararrabar Challawa da hantsi. Ni ina kan aiki ranar, ba zan samu zuwa ba. Ku je ku gani da idonku. Ya aiko cewa an ba shi babban matsayi a wasan da za su nuna wa baƙi, ya ƙi faɗar ko mene ne, ya dai ce lallai Uwargida ta zo.

Ku huta lafiya. Ɗanku,
Lawal

*

Challawa, ranar Lahadi

Zuwa ga baban Maigida. (Atika ce matar Isyaku ke rubutawa. A yi haƙuri da hannuna, na yaƙi da jahilci ne. Ni na raka Iya jiya.)

Salamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na san labari zai riga takardar nan zuwa, to gara ka ji daga bakina.

Mota ta tafi ta bar mu. Dambun zogale na tsaya turarawa, ka san shi da dambu. Sai a-kori-kura muka hau, muka sauka a titi muka taka. Ko da muka isa an riga an zauna, mai gemun nan ya gama jawabinsa, ba mu ji komai ba. Na ga tantuna a jere, an yi musu ado da fararen duwatsu, an share ko'ina tas. Har na ce wa Atika, "Ashe 'yan banzan nan sun iya shara, a gida ne ba sa yi."

Sai na ji usur. Sai ga yara huɗu sun fito daga bayan tanti da sanduna biyu a kafaɗa, da mutum kwance a kai, an naɗe shi da fari. Hannu ɗaya na lilo, jini ja wur har gwiwar hannu. Ban ga fuska ba, ƙafar na gani. Ƙafar da na wanke tun tana kamar ɗan yatsana, ga tabon garwashin nan a diddige.

Ban san sanda kwanon dambu ya bar kaina ba. Na ce innalillahi, na keta mutane, na ture wani Alhaji da kujerarsa. (Gaskiya ne, har hularsa ta faɗi.) Na faɗa kan abin, yaran suka saki, muka zube gaba ɗaya. Ina ta kiran Mamman, Mamman, don wallahi a lokacin tsakar gidanmu nake gani.

Sai gawa ta buɗe ido ta ce, "Iya, don Allah tashi. Wasa ne."

Wai jinin rini ne daga masaƙarku. Wai gadon ɗaukar mai rauni ne suka haɗa da sanduna da riguna. Wurin nan ya ɗauki dariya, iyaye da yara, har da masu riƙe ciki. Wata mata mai jan baki ta ce, "Wayyo, tsohuwa ta zo jana'iza da dambu."

Mai gemu ya durƙusa, ya yi min magana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Iya, jikanki ya fi kowa, shi ya sa muka zaɓe shi." Na ce, "Ya fi kowa shi ne kuka ɗora shi a makara? Cikin 'ya'yan mutane duk ba wanda ya dace da likkafani sai nawa? Wane irin mugun fata ne wannan?" Ya ce gobe za a rufe, in bari ya kwana ɗaya tak. Maigida ya riƙe min zane yana cewa a hankali, "Iya, gobe ne fa. Iya, ƙyallena." Na kama wuyan hannunsa na ja shi, da bandejin da rinin da komai, muka bi ta tsakiyar mutane. Yaran suka raka mu da waƙa har bakin hanya, suna tafi suna cewa gawa ta bi matarta.

Na kai shi wurin Malam an yi masa rubutu, na wanke rinin da sabulun salo. Ga shi nan a zaure tun jiya. Bai ci tuwo ba. Na ce, "Maigida, fushi ake da amarya?" Ya dube ni kamar bai san ni ba.

Na san za ka ce ban kyauta ba. Amma kai ba ka ga ƙafar ba.

A gaida gida. Mahaifiyarka.

*

Hotoro, Satumba 1982

Zuwa ga Iya,

Bayan gaisuwa da neman albarka. Na ji duk abin da ya faru, daga takardarku da kuma bakin abokan aiki, don har yau a ɗakin rini ba a gaishe ni sai an tambaye ni ya mai jiki.

Iya, ban isa in ce kun yi laifi ba. Da na samu zuwa ranar, da ban bari haka ta faru ba, wannan nawa ne. Amma Haruna ya tako da ƙafa daga Challawa har Hotoro ranar Juma'a, kun sani. Ya ce yaran unguwa ba sa kiransa sai Gawa, kuma ba zai koma makarantar can ba. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ba ya kuka, ba ya gardama, cewa kawai yake ba zai koma ba.

Na samar masa aji a nan Nassarawa. Ku ba Isyaku kayansa ya sa a motar ma'aikata. Ba ƙwace muku shi na yi ba. In ya huce zai zo da kansa, baɗi kuma in Allah ya kai mu sai ya koma sansanin ya karɓi abinsa.

Ku yafe min. Ɗanku,
Lawal

*

Challawa, farkon damina

Zuwa ga Lawal, Hotoro. (Isyaku ne. An rage mu a majema, yanzu ina gida, lokaci ya samu.)

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya yara, ya mai sunan babanku?

Ga damina ta zagayo. Sau biyu ya zo tare da kai, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce "ina wuni" kamar ɗan maƙwabta, ya koma mota. Ban ji Uwargida a bakinsa ba ko sau ɗaya. Tabarmarsa na nan a naɗe. Har yanzu in na tuƙa tuwo sai in ga na kwashe na mutum biyu.

To ga abin da nake so. Bana a kai shi wurin nan. Ni na ce a kai shi. In sun ga dama su ɗora shi a kan sandunan tun safe har yamma, ba zan je ba, ko hanyar ba zan kalla ba. Zan zauna a ɗaki in ja carbi. Tsoron bai tafi ba, kar ka ce ya tafi, jiya ma na yi mafarkin ƙafar. Amma gidan nan da ba motsinsa ya fi mafarkin ciwo.

Ga ƙyalle nan cikin ƙunshi. Atika ta tuna kalarsa, kore da bakin rawaya, na sa tela ya ɗinka. Ya riƙa sawa kafin a ba shi nasu. Ga ƙuli-ƙuli kuma.

Sannan ka tambayar min shi abu ɗaya, tunda ni ba ya tsayawa in tambaya. Wasan nan, da ban faɗa kansu ba, ina za su kai shi? Me ake yi a ƙarshe? Kullum in na kwanta sai in ga sun taho da shi, daga nan ban san sauran ba. Isyaku, ka rubuta wannan da manyan baƙi.

Allah ya tsare ku gaba da baya. Mahaifiyarka.

*

Hotoro, Yuli 1983

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Baba ya ce in amsa da hannuna.

Bana babu sansani. An rufe rabin masaƙa, an sayar da tantunan. Malam mai usur ma ya koma garinsu.

Ƙyalle ya iso, na gode. Kalar daidai ce. Amma ba a sawa sai an ɗaura wa mutum a gaban wuta. Na sa shi a akwati.

Abin da kuka tambaya. Za su kai ni gaban baƙi su ajiye, su kwance bandejin. Sai a busa usur in miƙe tsaye in sara, kowa ya yi tafi. Daga nan duk yaro zai je ya kamo hannun wanda ya zo dominsa ya zagaya da shi tantinmu. Na ajiye muku kujera a layin gaba, na ɗora dutse a kai don kar wani ya zauna. Ina kwance ina leƙenta ta ƙasan bandeji, ba kowa.

Da kin jira kaɗan, Iya, tashi zan yi.

Haruna Lawal