Amanar Tsakiyar Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Abdulwahid mai kwale-kwale, na Haɗejia, nake rubuta muku wannan, ku 'ya'yana Usaini da Bara'atu da Shu'ibu Auta. Ƙafafu sun ƙi ɗaukata, amma hankalina garau yake, alhamdu lillahi, kuma ba wanda ya tilasta ni.

Na ɗaya. Gida da gonar shinkafa a raba muku yadda shari'a ta tsara. Kwale-kwale biyun nan kuwa kada a sayar. A yi musu kuɗi cikin rabon, amma su zauna a hannun Auta. Shekara goma sha tara ke nan malaman jami'a suna kawo ɗalibai bitar ƙidayar tsuntsaye a fadamar nan duk lokacin sanyi, ni nake shiga da su ruwa. A wurinsu na riƙe wani ɗan tsuntsu da bai cika tafin hannuna ba, da zobe a ƙafarsa, aka ce daga bayan teku ya taso, kuma can zai koma. Subhanallahi! Ranar kasa cin abinci na yi.

Na biyu. Akwai takardar da ake karantawa ranar buɗe bita, ana fassara mana da Hausa. Auta, ka haddace ta. Kada a taɓa jikin kowa. Kada a keɓe da ɗaliba. Ba a neman lambar waya, ba a ɗaukar hoton mutum sai ya yarda. In an ce maka bari, to ka bari. Wanda aka takura wa, akwai malama da malami da zai kai wa kuka, a saurare shi a asirce. Da farko na ɗauka kinibibin 'yan boko ne, sai da na ga an sallami wani babban malami mai furfura, wanda ɗalibai ke rige-rigen ɗaukar jakarsa, a kan maganar yarinya guda. Ashe a duniyar nan ma akan sa babba da ƙarami a ma'auni ɗaya.

Na uku, kuma ita ce ta hana ni sukuni. Usaini, shekara uku ke nan ba ka gaisa da 'yar'uwarka. Kun san mafari, amma bari in rubuta don jikoki. Wata ɗaliba, Adila, Babarbariya ce, mu kuma jinin Fulani. Wata rana kai Usaini ka tuƙa su ita da sauran ɗalibai, Bara'atu na ciki da kwanukan abincin rana. Ka fara da wasan da muka gada tsakaninmu da Barebari, kana kiranta baiwarka. Daga nan ka koma amaryarka. Sau uku tana cewa ka bari, kai kuwa sai jijjiga jirgin kake yi, har ta riƙo rigarka don tsoro, kana ƙyalƙyala dariya. Ta kai ƙara, aka nemi shaida.

Ga abin da ba ka sani ba. Ni da kaina na ja Bara'atu gefe na ce ta yi shiru, wasan Fulani da Barebari ne, kaka da kakanni, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta sunkuyar da kai tana hawaye, ta ce ba za ta iya ɓoye abin da idonta ya gani ba. Ta je ta ba da shaida, aka dakatar da kai shekara biyu. Da na je ba da haƙuri, yarinyar nan Adila ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ita ma ta san wasan, tana yinsa a kasuwa, domin a kasuwa in ya ishe ta sai ta yi gaba. A tsakiyar ruwa fa, ina za ta je, ga shi ba ta iya iyo ba? Shekarata sittin a kan kogin nan, ban taɓa tunanin haka ba sai da sa'ar 'yar cikina ta koya mini. Na ji kunya matuƙa.

Da Bara'atu ta bi maganata, da tuni an daina ba mu 'ya'yan mutane. Saboda gaskiyarta har yau ake kiran gidan nan duk shekara. Bara'atu, na sa ki zaɓi tsakanin ubanki da gaskiya, ban kyauta ba. Ki yafe mini.

Na huɗu. Usaini, na san zuciyarka, zafi gare ta amma ba ta da mugunta. Ban hana ka tuƙi ba, in Auta ya ga ka natsu. Sharaɗina ɗaya ne. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, kada ka sa hannu a makarata sai ka fara shiga wurin Bara'atu ka yi mata ta'aziyya da bakinka. In ka riga wannan rana zuwa, ka bar ni in gani da idona, shi na fi so.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya tsare duk wanda ya shiga jirginku har ya taka tudu lafiya. Ku riƙe juna. Ku uku kaɗai na bari, kada in tafi ku zama biyu da ɗaya.