Sun Ƙwace Sandar Baffa

Yaya Buba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Yaya Rabi da yara? Mu nan Kusada lafiya, sai dai zuciya ba daɗi.

Ranar Talata na je Kankia duba Baffa a asibitin nan da ka ce ya fi gida. Ciwon ruɗewar na nan. Tun da ɓarayi suka kore shanunmu, la'asar na yi sai ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa, wai zai taro garke. Malam Iro, wanda a da yake kula da majinyatan, ba ya tare shi. Cewa yake, "Mu je tare, Baffa." Sai su yi ta zagaya harabar, Baffa na kiran shanu da sunayensu har ya huce.

To, an sauya wa Malam Iro wurin aiki. Sabon da aka kawo ya ga sanda ya ce makami ce, ya fizge. A hannun makiyayi fa! Baffa ya yi kokawa, ma'aikata su uku suka danne shi, suka ɗaure shi jikin gado da rawaninsa.

Na tarar da wuyan hannunsa a kumbure. Da na yi magana aka ce mini, "Hajiya, doka ce." Shi kuwa Baffa dubana ya yi ya ce, "Hauwa, maraƙin wa na zama?"

Ka sa shi a addu'a, ka gaida mutan gidan. Na karɓo sandar, tana ɗakina. Kai ka zaɓi wurin, ka zo ka mayar masa da ita da kanka.

Ƙanwarka,
Hauwa