Zakaran da Surukina Bai Ci Ba

Malumfashi, daren Laraba, kakar 1965

A sanar da duniya, yau ni kaɗai na cinye zakara guda.

Don Sani mijin 'yata Binta aka yanka shi, da ya zo a keke daga Tsiga. Na zaunar da shi gabana, ina masa lacca cewa kunyar cin abinci gaban suruki tsohon yayi ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ƙoshi, Baba." Ina jin kukan cikinsa, na ci gaba da kawo hujja, da kai loma.

Bayan ya tafi, uwar Binta ta ce, "Malam, da ka fita ka ba shi wuri, da ya ci. Ko koko bai sha ba ya taso."

Haka ya koma Tsiga da yunwarsa. Ban kyauta ba.