Inna a Garkar Furanni

Lahadi da dare, watan Janairu.

Kaina kamar ya tsage. Ni na jawo wa kaina, da na nace sai Inna ta ga garkar furannin nan ta bakin tabki kafin ta koma ƙauyenmu Gabi. Tun bara nake cika ta da labari, ja da fari da ruwan ɗorawa, da sanyi kaɗai suke buɗewa.

Muna shiga ta riƙe ƙugu ta ce, "Rabi, wanne ake ci?" Na ce ba a ci, kallo ake. Ta dubi mai garkar yana kwarara musu ruwa, ta ce, "Mu muna layi a rijiya, nan ciyawa ake shayarwa."

Na juya in ɗauki hoto, sai na ji mai garkar ya rafka salati. Ashe lalo Inna ta gani ya tsiro tsakanin furanni, ta duƙa ta tuge duk furannin da ke kewaye da shi, wai sun matse shi. Mutumin ya rugo yana cewa: "Iya, tun kaka nake renon su!" Ta ce, "Ɗana, noma na yi maka, ko sannu babu?"

Na ba da haƙuri har yawuna ya ƙafe. Ya tuge lalon ya danƙa mata, ya ce kada ya sake ganin ƙafarmu.

Shi muka ci da tuwo ɗazu. Abin da ya fi ƙona mini rai, miyar ta yi daɗi, har na ƙara.