Garanti a Shagon Malum Abdulhalim

Litinin, 3 ga Mars

Yau ni Mailafiya na fara aiki wajen Malum Abdulhalim, mai saida firigo da fanka na hannu a bayan babbar kasuwa. Gwajin sati biyu. Matata Rumaisa tace wannan ne aikina na huɗu a shekara ɗaya, in aka sake korata zata kwashi yara ta tafi Mokolo gidansu, kuma ba ziyara ba. Nace haba uwargida, ni da na taɓa saida wa wani Parfait takalmi duk na ƙafar hagu ya dawo yana godiya? Duk Garoua ba baki irin nawa. Bata yi dariya ba.

Talata, 4 ga Mars

Nazo da lasifikata. Na tsaya bakin ƙofa na saki murya: promo! promo! sanyi daga Turai, orijinal, garanti, mai azumi ga hutunka! Mutane suka cika har masu mashin suka tsaya. Na waiga inga ko Malum ya yaba. Yace, rage murya. Shikenan maganarsa tun safe har azahar.

Alhamis, 6 ga Mars

Wannan tsoho abin kallo ne wallahi. Kunne yake ɗorawa jikin firigo kaman likita, yai shiru, sai yace wannan tana da shekara biyu a gaba. Kuma magana uku kacal yake da ita a ciniki. In yace "tana aiki", yau ya kunna ta tashi, iyakarta kenan. In yace "na gwada", kwana uku tana kunne a gabansa. In kuwa ya dafa ta da hannu yace "na tsaya mata", to ka ɗauka ka tafi. Tun zuwana sau ɗaya naji ta ukun.

Wani daga Mora ya bugo waya, bai ga kaya ba, ko hoto bai nema ba. Yace Malum wacce ce a cikin maganarka ukun? Malum yace na gwada. Yace sa mun a mota. Ni na kwana biyu ina fasa maƙogwaro, fanka ɗaya na saida. Shi kalma biyu, firigo ta kama hanyar Mora. Nace Malum ko da laya ne a sammun? Yai murmushi kawai.

Juma'a, 7 ga Mars

Zafi. Ko ƙadangare bai fito ba.

Asabar, 8 ga Mars

Yau nai abin tarihi! Malum ya tafi jana'iza ya bar mun shago. Sai ga Madam Ornella, mai saida ƙanƙara da kossam, nonon nan mai sanyi da masu azumi ke layi a kai. Tana son babbar firiza. Akwai wata fara da aka sauke jiya, ko kunna ta ba ai ba. Na dafa ta, na buga murfi, nace Madam wannan ko rana kika sa a ciki sai ta daskare. Tace garanti? Nace garanti har sau uku. Tace to tunda shagon Malum ne. Ko tayi na biyu bata yi ba.

Da Malum ya dawo na faɗa masa ina jiran yabo. Yace me kace mata? Nace abinda kowa ke faɗa mana, garanti. Ai duk kasuwa haka ake, har mai saida tumatir. Ya daɗe yana kallon inda firizar take. Inaga mamaki ne ya kama shi.

Talata, 11 ga Mars

Hannuna ciwo yake amma sai na rubuta.

Madam Ornella tazo da bokiti, ta ajje a gabana. Kossam duk ya tsinke yana tsami, ƙanƙara ta koma ruwa. Firiza ta mutu tun jiya. Na fara shirya baki, zance wuta ce, zance kin cika mata kaya. Malum ya ɗaga mun hannu. Yace Madam, yace miki garanti? Tace ya faɗa, harda dafawa. Yace to bakin shagona ne ya faɗa.

Babu gwadaddiya mai girmanta a shago. Sai yace in ɗauko pus-pus, amalanken turawa, in biyo shi. Ashe gidansa zamu. Firizar gidansa fa zai ba Madam! Cikin azumi, cikin wannan zafi! Hadje Halime matarsa tana kwashe robobin ruwa da zoɓo tana jerawa a ƙasa. Ta dube ni tace, kai ne mai lasifikar? Nace ni ne Hadje. Tace sannu da aiki. Gara ta mare ni.

Na tura har unguwar Madam, Roumdé Adjia, shi yana gefe yana riƙe da igiya, tsoho da furfura, bakinsa a bushe. Madam sai godiya take da Fillanci, useko Baaba, useko. A hanyar dawowa nace Malum ai ni na faɗa ba kai ba. Yace shekara talatin ina tara kalman nan, bazan bari ta zube a bokiti ba.

Ni ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum ya sha ruwan ɗumi da iyalinsa saboda magana. Maganar ma ba tasa ba.

Laraba, 12 ga Mars

Walid mai gyaran waya na kusa da mu ya sa mun suna Alhaji Garanti. Duk layi sun ɗauka. Nai dariya tare da su. Rumaisa bata sani ba. Naga ta sauko da akwati wai ƙura take gogewa.

Asabar, 15 ga Mars

Ranar ƙarshe ta gwaji. Wani Édouard yazo da matarsa, suna son ƙaramar firigo, kuɗi a hannu. Malum na ciki yana gyaran fanka, yana ji. Mutumin yace garanti? Bakina ya buɗe da kansa, na rantse har harshe ya ɗauko ta. Sai naji nace tana aiki, yau na kunna. Robar ƙofa ta saki kaɗan, duba nan. Suka kalli juna, sukace zasu dawo. Sun tsallaka shagon gaba.

Nace shikenan, Mokolo tayi baƙi. Na fara naɗe wayar lasifika. Da la'asar Malum na rufe shago, ko kallona bai yi ba, yace Litinin kazo da wuri, akwai uku da zamu kunna, kai zaka zauna dasu har Laraba.

Na faɗa wa Rumaisa ai dole ya riƙe ni, ina zai samu kamata. Tace to me yasa kwana biyu bana jin ihunka daga bakin titi? Nace maƙogwaro ne ke mun ciwo. Azumi ne.