Gwiwar Da Ta San Ranar Laraba

Zuwa ga Delbert, zumar kan burodin masarata, ruwan farko a gonar gyaɗata, inuwar da na fake tun ina budurwa!

Ina gaida gwiwarka mai wayo. Ta kai ka bakin tafki kamun tarwaɗa, ta hau kwalekwale ta sauka lafiya lau, amma da ta ji ranar Laraba za a yi ƙuri'a a majami'a, ƙuri'ar da ake yi da miƙewa tsaye, sai ta kumbura! Kai, masoyina, wane likita ne ya san maganin wannan ciwo?

Ka san abin da ke gabanmu. Ƙungiyar majami'un yankinmu ta ce mu soke sunan ɗanmu Wendell daga ikilisiya saboda ya auri namiji, ko ta raba gari da mu. Raba gari kawai za ta iya. Mu 'yan Baftis ba mu da bishof, ba mai yi mana hukunci daga nesa. Mu ne za mu taru a majami'a mu ci soyayyiyar kaza, mu goge baki, fasto ya ce masu son yaron ya zauna su tashi. Kai kuma dattijon ikilisiya guda, ka tafi hira da kifi!

Kada ka ɗauka na yi laushi. Auren nan ban yarda da shi ba, na faɗa masa ido da ido, kuma zan sake faɗa. Amma ni na haife shi, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wa zai kore shi? Ovella? Matar da ta tare ni a kanti tana cewa, 'yar'uwa Earlene, Allah sarki, kullum kina cikin addu'ata, alhali mijinta na uku yana jiranta a mota! Na ce ta rage wa kanta kaɗan, za ta buƙata. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Tun Wendell yana ƙarami yake kaɗa musu fiyano a biki da jana'iza, a lokacin ba wanda ya ce yatsunsa ba su da tsarki.

Ka tuna ranar da aka yi masa baftisma a rafi? Yaro yana rawar ɗari, yana tsoron ruwa. Sai ga ka ka faɗa ciki da takalmanka na Lahadi, ruwa har ƙugu, ka riƙe masa hannu har fasto ya tsoma shi ya ɗago. Wayyo, Delbert! Ran nan na sake son ka kamar ƙasa mai ƙishi ta ga hadari. Ina mutumin nan ya shiga? Tarwaɗa ta haɗiye shi ne?

Gidan nan ba kai kango ne. Kujerarka ta baranda tana kallona, shayinka mai ƙanƙara yana narkewa ba mai sha. Ka dawo, Baban Wendell. Na goge farar rigarka, na ciro sandar mahaifinka. In sandar ta gaza, ga kafaɗata. Ni zan tashi ko da ni kaɗai ce, amma yaron zai waigo daga gaban fiyano, kuma ba ni zai fara nema ba.

Taka ce ni har ranar da matattu za su miƙe, ranar da ba mai cewa gwiwarsa na ciwo. Kada ka jira sai ranar.

Matarka,
Earlene